Busar Shiga Rumbu

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Duk wanda ya kai shekaruna a ƙasar Mayahi ya san yadda aka bar gida a shekarun nan da ruwa ya ƙi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, muka cinye na iri, muka koma layin jar dawar taimako da sojoji ke rabawa. Na kai matata Hadiza da ɗiyanmu biyu gidan ubanta a Kanan-Bakache, na hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, a Tasawa. Sunana Lawali. Karatuna na lekol, makarantar boko, bai yi nisa ba, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri.

A Wagadugu na fara ɗanɗana baƙunci. Muna zaune a tashar jirgin ƙasa, mu 'yan Nijar, sai wani mutum mai farar riga tas ya yi mana sallama da Hausa mai daɗi. Ya ce shi ɗan Maraɗi ne, ya tambayi kowa garinsu, har ranar kasuwar Hawandawaki ya sani. Ya ce ba a shiga jirgi da kaya sai an auna an buga musu hatimi, shi kuma ya san mai awon. Da hannunmu muka ɗora masa kayanmu a kan amalanke, muna yi masa godiya. Ba mu sake ganinsa ba. A cikin nawa akwai bargo, da rigar salla, da ɗan rediyona. Abin da ya rage mini pil biyu ne a aljihu, wato batir, don da safen nan na cire su daga rediyon na shanya su, yadda kowa ke yi a garinmu in pil ya yi sanyi: a jera su kan rufin rumbu, rana ta gasa su, su ƙara kwana biyu suna magana. Na daɗe ina yawo da pil ɗin nan, babu abin da zan sa su a ciki.

A Bwake na sauka, don iyakar tikitina ke nan. Na shiga dakon doya a kasuwa, ina kwana a barandar wani masallaci. Babu wanda nake magana da shi sai da hannu. Abin da ya fi ci mini rai ruwan sama ne. Yakan zubo da rana tsaka, 'yan kasuwa na tsaki suna janye kaya, ni kuwa in tsaya a cikinsa ina tunanin gonar da zai isa. Wata tsohuwa mai sayar da ayaba ta lura da ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. In na wuce sai ta ware wadda ta fi nuna ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ranar da zan wuce Abijan na je yi mata bankwana, ban same ta ba. Har yau ban san sunanta ba.

A Abijan na sami wurin kwana a Ajame, cikin wani ɗaki da mutanenmu suka cika, tabarma na gogar tabarma. Ana Hausa, amma ba a sakin baki. In hira ta kai ga mulkin soja na gida, sai kowa ya duba ƙasa, don ba ka san wanda zai kai sunanka Yamai ba. Mutum zai yi wata yana cin tuwo da kai a kwano ɗaya, bai faɗa maka abin da ke ransa ba.

Nan na ga Baba Rabe. Yana zaune a bakin ƙofa da ɗan akwatin yankan farce, ya rame, gemunsa ya yi fari. Na gane shi tun kafin ya ɗago. Shi ne mai sarewar garinmu.

"Kai ɗan wa ne?" ya ce da na durƙusa.

"Ɗan Isuhu mai haƙar rijiya, Baba."

"Ɗan Isuhu. Ba kai ne ka faɗi da dami a bakin rumbun sarkin noma ba, ka tashi kana kuka?"

"Ni ne."

"To miƙo hannu. Faratan nan naka sun yi kama da na shaho."

A garinmu, in an gama girbi an ɗaure dammuna, ranar kwaso su gida maza sukan jeru da dami a kai, mai sarewa na gaba. Busar da yake yi muna kiranta busar shiga rumbu. Gaɓa huɗu gare ta: ta tashi daga gona, ta hanya, ta shiga gari, da ta bakin rumbu. Ukun farko kowa na iya raira su da hanci. Ta huɗu kuwa, da zarar ya fara ta mata sun kaure da guɗa, babu kunnen da ke kama ta sai na mai busar. Baba Rabe ya gaje ta wajen ubansa. Ɗansa guda da ya koya wa ya tafi Libiya, ba a sake jin labarinsa ba. Tun da fari ya fara ba a ɗauki damin kirki a garinmu ba, don haka ba a busa ta ba.

Sarewar tana nan cikin akwatin, naɗe da tsumma a ƙarƙashin almakashi. Wata Juma'a bayan mun dawo daga masallaci na roƙe shi.

"Baba, ka ɗan busa mana ta shiga rumbu, ko mu ji ƙanshin gida."

"Ba a busa ta sai da dami a kan mutum. In na busa ta nan, na yi wa rumbu ƙarya."

"Ko kaɗan, Baba, don kewa."

"Kewa ba dami ba ce, Lawali."

Ya busa mana wasu, na makiyaya da na biki. Waccan ya ƙi. Da mutane suka watse ya ce mini a hankali, ita ce ke hana shi barci. In ya mutu a nan, ta mutu tare da shi, kuma bai ga wanda zai koya wa ba, tunda koyarwa ma sai an busa.

Aikin da na samu a unguwar Tireshibil ne, wajen wani mutumin Togo, Mushe Kwami (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci), mai ɗakin ɗaukar kiɗa a kaset. Ya tashi kusa da zangon Lome, yana jin Hausar kasuwa. Nawa shara ne, da naɗe wayoyi, da ɗaukar manyan bafil, akwatunan da murya ke fita, in za a kai su wurin biki. A kan teburinsa akwai wata 'yar mashin mai launin toka, ba ta kai allon karatu girma ba. A gabanta ƙananan buton ne a jere, kowane da 'yar fitila ja a samansa. In ya danna wani buton a gefe, sai fitilun su fara gudu ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, murya na fita, in sun kai ƙarshe su koma farko. Babu mai kaɗawa, babu mai busawa. Ranar farko na yi a'uzu billahi na ja baya.

Mushe Kwami ya yi dariya. "Zo nan, Lawali. Ba aljani ba ne, jaki ne. Abin da ka ɗora masa shi yake kaiwa."

Ya nuna mini. Kowane layi gida goma sha shida ne. Ka tsaya a gidan farko, ka zaɓi murya ɗaya, sama ko ƙasa, ka ajiye ta, ka matsa gida na biyu. In kana son murya ta yi tsawo, sai ka bar ta ta cinye gida biyu ko uku. In kana son shiru, ka bar gidan babu komai ka wuce. In layi ya cika, ka buɗe wani, daga baya ka ɗaure su a jere. Sai ka gama duka kake danna na tafiya.

Da rana tsaka yakan tafi gida cin abinci, ya bar ni tsaron ɗakin. A lokacin nan na fara taɓa ta. Abin da na fara sawa wata 'yar waƙa ce da Hadiza ke yi in tana daka. Na sha wuya kafin ta fito, don kunnena ya san waƙar amma yatsana bai san inda take ba. Da ta fito, na danna na tafiya, na zauna a ƙasa na jingina da bango. Tana kaiwa ƙarshe tana komawa farko, ba ta gajiya, ba ta tsayawa ta share gumi yadda Hadiza ke yi. A haka patron, wato maigidana Mushe Kwami, ya shigo ya same ni. Na miƙe ina neman gafara. Ya saurara kaɗan, ya gyara gida ɗaya da na sa murya ta yi gajarta, ya ce, "Mai waƙar nan tana da rai?"

"Tana nan, a gida."

"To ga ɗaki ɗaya na ba ka a cikin mashin, layi huɗu. Sauran nawa ne, kada ka shiga."

Layi huɗu. A hanyar komawa Ajame abin ya faɗo mini.

"Baba," na ce, "in murya ɗaya tak aka fitar, aka yi shiru, an busa shiga rumbu?"

"Murya ɗaya ba busa ba ce. Ko tsuntsu na yin ta."

"In gobe aka fitar da wata ɗaya fa?"

Kashegari da rana tsaka sai ga shi a Tireshibil da akwatinsa a hammata. Na nuna masa gidajen, na nuna masa yadda ake ajiye murya a matsa gaba. Ya sunkuya yana duba fitilun.

"To ai wanga shuka ce," ya ce. "Ka sari rami, ka jefa iri, ka take, ka yi gaba. Sai dai ita ba ta jiran ruwa."

Daga ranar ba mu sake ce musu gida ba, sai rami.

Ga yadda muka yi aikin. Ni ne a gaban mashin, shi yana kan kujera ya rufe ido. In danna murya, in ce, "Wannan?"

"Hau kaɗan."

"Wannan?"

"Ka wuce ta. Sauko. Yauwa, take ta."

Sai in ajiye. In na kai hannu ga rami na gaba, sai ya ɗaga yatsa. "Tsaya, kada su haɗu a iska." Ya fiddo goro ya ɓare, ya tambaye ni wane ne ya auri 'yar wane, ko ya ba ni labarin shekarar da hatsi ya yi yawa har aka rasa igiyar ɗauri. Sai muryar farko ta gama fita daga kunnenmu sannan ya yarda a nemi ta biyu. Wata rana rami uku kawai muke samu. A cikin baƙuncina duka babu lokacin da na ji ni mutum ne kamar waɗannan tsakar ranakun.

Akwai inda muka cije. Na danna wata ya ce ta yi ƙasa, na danna ta kusa da ita ya ce ta yi sama.

"Tsakaninsu take. Jakin naku bai da ita."

Mushe Kwami ne ya fid da mu. Ya nuna mini wani buton da ke sa murya ta sulale daga wannan rami zuwa wancan, kamar yadda yatsa ke janyewa a hankali daga hudar sarewa. Ya nuna mini wani kuma mai ƙara wa murya nauyi. Baba Rabe ya sa a dinga danna shi a duk inda ƙafar mai dami ke sauka. Da patron ya ji dalilin da ya sa ba ma danna na tafiya, bai yi dariya ba. Ya ce a garin uwarsa ma akwai gangar da ba a taɓawa sai ranarta.

Saurin busar ma sai da muka auna. Aka rage murya gaba ɗaya, fitilu kawai ke gudu. Baba Rabe ya ce in babu sauti babu busa. Na ɗora bafil ɗaya a kaina, ina kai da kawowa a tsakar gidan, shi yana kallon ƙafata, patron na murɗa abin sauri.

"Kai, tafiyar birni kake yi. Yi ta rairayi, ƙafa na nutsewa."

Na rage. Fitilun suka daidaita da takuna. Ya ce a bar shi nan.

Da layi huɗun suka cika, Mushe Kwami ya miƙo mini takarda da biro. "Rubuta kowane rami da muryarsa."

"Patron, ba kai ka ce ba ta mantuwa ba?"

"Ba ta mantuwa in an bar ta yadda take."

Na ce to, na ninke takardar na sa aljihu. Ban rubuta ba. Kunyar rubutuna nake ji a gabansa, kuma na yarda da mashin ɗin fiye da hannuna. Ban tambaye shi mene ne barinta yadda take ba.

Saura dami. In an same shi, zan ɗora a kai, a danna na tafiya, a ɗauka a kaset, a kai gida wajen Hamisu, ɗan ƙanen Baba Rabe, wanda ke busa sarewa. Amma a Abijan hatsi tsabarsa ake sayarwa a mudu, babu mai zangarniya. Mun zaga kasuwanni, ana yi mana kallon mahaukata. A ƙarshe wani direban kamiyo ɗan Zinder, ana ce masa Dogo, ya ce yana zuwa arewacin ƙasar, inda ake ɗan noma hatsi. In girbi ya yi zai ɗauro mana.

"Dami guda, daga can har nan? Tuwon wa za a yi da shi?"

"Ba na tuwo ba ne," in ji Baba Rabe. "Na ɗauka ne."

Muka shiga jira. A cikin jiran nan tari ya kama Baba Rabe, ya daina zuwa Tireshibil, sannan ya daina fita bakin ƙofa. Farin da ya koro mu kuma ya biyo mu har birnin: aka ce ruwan madatsun da ke ba da kuran, wato lantarki, ya janye, sai a wuni babu wuta. Aiki ya tsaya. Mushe Kwami ya tafi Lome zaman makoki, ya bar mini makulli.

Ni kaɗai nake wuni a ɗakin nan mai zafi. Mashin ɗin na da manyan pil a cikinta, tana tashi ko babu kuran. Sai in kunna ta, in rage murya duka, in danna na tafiya, in zauna ina kallon fitilun suna bin ramukanmu. Ba na jin komai, amma na san busar na wucewa a gabana, daga gona har bakin rumbu. Kullum haka. Wata safiya na ga fitilun sun dusashe, jansu ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Na ce pil sun yi sanyi, in suka mutu busar ta mutu. Ban yi shawara da kowa ba, don abin da na sani ne tun ina yaro. Na kifa mashin, na buɗe bayanta, na cire su, na hau na jera su kan kwanon rufi. Har ina jin daɗin dabarata.

Da la'asar na sauko da su da zafinsu na mayar. Fitilu suka kama jawur. Na shiga layin farko, na taɓa ramin farko don in tabbatar. Muryar da ta fito ba tamu ba ce. Na tsallaka na taɓa wani, babu komai. Na shiga layi na huɗu. Wasu ramukan wayam, wasu da irin da ban taɓa shukawa ba. Na shiga ɗakunan patron na cikin mashin, su ma haka. Ashe pil ɗin nan su ke riƙe da abin da ke cikinta, ko tana kashe. Da sanyinsu ma suna riƙe da shi. Ni na raba su.

Da ƙafa na koma Ajame, don ban iya zama cikin mutane a mota ba. Baba Rabe na kwance, sauran sun fita nema. Na durƙusa na faɗa masa.

"A rana ka shanya su?"

"A rana, Baba."

"Kan kwano?"

"Kan kwano."

Sai ya fara dariya, tari ya karɓe ta, na tallabe shi har ya lafa. "Da ni ne ma haka zan yi," ya ce. "Har in juya su, ɗaya gefen ya samu. Tashi, ɗan Isuhu. Tsuntsu ya tone shuka, sai a sake."

Da Mushe Kwami ya dawo ya ga aikinsa na watanni ya tafi, bai zage ni ba. Ya tambaye ni takardar. Na fiddo ta fara fat. Ya duba ta, ya duba ni, ya miƙo mini tsintsiya. Ya daɗe bai yi mini magana ba sai ta aiki, kuma ya sa mashin ɗin a kabad ya kulle. Na so a ce dukana ya yi. Wata rana ina shara ya tambaya daga bayana, "Tsohon fa?"

"Ba ya tashi, patron."

Ya buɗe kabad, ya sa sababbin pil, ya naɗe mashin a tawul, ya ɗauka da kansa muka tafi Ajame.

Layi uku na farko ba su ba mu wuya ba, don na san su da hanci tun ƙuruciya. Ina nemo murya, Baba Rabe na gyaɗa kai ko ya girgiza, patron na rubutawa a takarda. Kafin mu kai na huɗu jikin Baba Rabe ya tsananta. Maganin zazzaɓin da aka ba shi a likita ya sa kunnuwansa ƙara. Na kai mashin dab da kansa na danna.

"Wannan, Baba?"

"Danna mana."

"Na danna."

Na duba cikin kaina ko zan tuna. Na shuka layin nan da hannuna, rami bayan rami, amma tsakanin kowace murya da 'yar'uwarta akwai goro da labari. Labaran na tuna duka. Muryoyin ban taɓa jin biyu a haɗe ba.

Ya gane abin da ake ciki. Ya dubi rufin ɗakin ya ce, "Allah Ya gafarta mini, rumbu ya yi haƙuri. Matso da kunnenka." Mutumin da ya ƙi busa ta duk shekarun nan, ya buɗe baki zai raira mini ita. Na kai kunnena bakinsa. Yatsunsa na motsi a kan bargo, suna rufe hudojin da babu. Abin da ke fita daga ƙirjinsa iska ce kawai, murya ɗaya, babu hawa babu sauka. Ya kai ƙarshe, ya ce, "Ka kama?"

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya sa aka ba ni sarewar in kai wa Hamisu. Bai kai Juma'a ba. Muka rufe shi a jar ƙasa mai danshi, irin wadda bai taɓa nomawa ba.

Bayan an yi sadakar bakwai Dogo ya iso. Ya sauke dami daga saman kamiyo, zangarniyar gajeru, ba irin namu ba, amma hatsi ne. Da ya ji labari ya cire hularsa ya tsaya, ya ƙi karɓar ko goro.

A tsakar gidan Tireshibil na naɗa gammo na ɗora damin. Ƙaiƙayinsa ya zubo mini a wuya, ƙanshinsa ya shiga hancina. Mushe Kwami ya sa kaset, ya ce, "Layi na huɗu babu komai. In cire shi?"

"A bar shi, patron."

Ya danna. Busar tashi daga gona ta fito da muryar mashin, siririya, ba ta numfashi, amma ita ce. Na fara tafiyar rairayi a kan siminti. Ta hanya ta zo, ta shiga gari ta zo. Sannan fitilu suka shiga layi na huɗu, suka bi ramuka goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, babu abin da ake ji sai takuna da sautin kaset na juyawa. Na kai bangon da babu rumbu na tsaya.

Sai da labari ya zo cewa ruwa ya dawo gida sannan na kama hanya. A wani shinge kafin Tasawa soja ya zazzage kayana, ya ga kaset babu rubutu a jikinsa. A lokacin ana tsoron kaset, don a cikinsa ake shigo da maganar da ba a so. Ya sa a rediyonsa, ya saurara yana harararmu. Da shirun ya zo ya girgiza rediyon, ya buga shi a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

"Busar ɗaukar hatsi ce, ranka ya daɗe."

"An cuce ka. Ƙarshenta ya goge." Ya jefo mini.

Na sami Hadiza da ɗiya ɗaya. Ƙaramar ta rasu ina Bwake, ba wanda ya san inda zai aika mini. Muka koma garinmu, rabin gidajen babu rufi. Na kai wa Hamisu sarewar da kaset. Na faɗa masa duk yadda aka yi, har kwanon rufin. Na zaga wajen tsofaffin da suka rage, maza da mata, ko akwai wanda ya riƙe gaɓa ta huɗu. Kowa ya ce shi dai guɗa yake ji a wurin. Hamisu ya jira har aka yanke hatsin farko a gonarsa, ya sa matarsa ta zauna da ɗan dami a kai, ya kunna kaset ya koya. Na ce masa ko zai ƙirƙiro wani abu ya cike wurin. Ya ce shi ba zai sa wa baffansa magana a baki ba.

Ranar kwasar dammuna na shiga layi da nawa a kai. Hamisu na gaba. Ya busa ta gona, ya busa ta hanya, ya busa ta shiga gari. A bakin rumbu ya sauke sarewar daga bakinsa, yana ƙirga shirun da ƙafa yadda ya ji a kaset, mata kuwa suka kaure da guɗa. Babu wanda ya lura. Wata tsohuwa ma ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce tamkar Rabe ne ya dawo.

Yau Hamisu ya tsufa, ɗansa ke busawa, kuma haka ya koya: in an iso bakin rumbu mai sarewa yakan sauke hannu ya ba mata wuri. Yaran yanzu sun ɗauka haka aka gada. Ni na daina ɗaukar dami, wuyana ba ya iyawa. Nakan zauna a gindin rumbu in jira su. In guɗar ta tashi kowa na dariya, ni sai in karkata kunne ƙarƙashinta, ina bin ramukan ɗaya bayan ɗaya har goma sha shida, sannan in tashi in taya su jefa hatsi.